Gashin Sa a Cikin Inji

Ku samarin da kuke juyen mai a bakin titi, na ga aikinku, kuma na yaba ƙwarai. Mutum ya durƙusa, ya kwance noti, baƙin mai ya tsiyaye, ya mayar da noti, ya ɗura sabo, ya miƙe yana karkaɗe wando kamar likitan da ya fito daga tiyata. Rannan ma na ji ɗayanku yana cewa wannan sana'a ko ido rufe zai yi ta. Ban musa masa ba, don da idon a rufen na ga yana yin ta. Na tambaye shi ko ya wanke rariya, ya ce mini shi ba tuwo yake tuƙawa ba.

Ni karatuna bai yi nisa ba. An sa ni elementare, na koyi baƙi da wasali, sai malaminmu ya lura na fi son kwance masa keke da sauraron darasinsa, muka rabu lafiya. Saboda haka wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya gyara da kansa, shi ne ya yi makaranta. Ni ga abin da na sani.

A can ƙasan injin babur, inda mai yake taruwa, akwai wata 'yar raga ta waya mai laushi, siffarta kamar ƙaramar hula, tana hawa kan babban yatsa daidai. Ita muke kira rariya. Duk man da famfo zai zuƙa ya aika sama sai ya bi ta cikinta, yashi da ɓarɓashin ƙarfe su tsaya a waje. In ta toshe, mai ba ya hawa, inji ya yi zafi ya fara ƙwanƙwasa. In ta huje, datti ya wuce ya cusa kansa cikin hanyoyin mai, waɗanda ba su fi kaurin tsinke ba. Kowanne ya faru, ƙarshensa mai babur ya sauka ya tura.

Aikin farko da aka ba ni a gindin tsamiyar Saje Disa wankin rariya ne. Saje tsohon soja ne, a can ya koyi kanikanci, ya dawo Potiskum da koren akwatin ƙarfe da muryar da ke tada kajin maƙwabta. Abin da ke cikin akwatin bai taka kara ya karya ba: sifanu 'yan kaɗan, filaya, guduma, magagari, famfon keke, sukuddireba guda da ya yi wa mariƙi da ƙahon rago, sai farin murfin langa. A cikin wannan murfin ake wanke rariya. A zuba kananzir, a kaɗa ta a ciki, a share da gashin kaza, a hura daga ciki zuwa waje, a ɗaga ta ga rana a duba ko ido ɗaya ya yage. Ba a soka mata tsinke. Ranar da na gwada, ƙeyata ta ji bayani.

Bayan an wanke, ba a zubar da kananzir ɗin sai Saje ya karanta abin da ya kwanta a ƙasa. Mai ƙyalli ja-ja tagulla ce, wani abu yana cin ɗan'uwansa a ciki. Fari kamar azurfa, boris, zoben da ƙarfe ke juyawa a cikinsa, ya fara gajiya. Baƙi mai laushi da ke murjewa a yatsa guntun fakin ne, kwalin da ake sawa a mahaɗar ƙarfe don kada mai ya yoyo, babu tashin hankali. In yashi ne, mai babur ya ɗura mai cikin iska, ko ya ajiye mazurarinsa a ƙasa.

“Haruna,” in ji Saje, “kafin ka tambayi mai babur inda yake zuwa, duba nan tukuna. In ka tambaye shi, masallaci kawai zai ce maka.”

Wani abin da ya dasa mini a kai shi ne, duk abin da ka tarar a rariya, ko dai daga jikin inji ya gutsure, ko kuma ta bakin ɗura mai ya shiga. Babu hanya ta uku.

Lokacin Turawa suna nan, ana dai ta raɗe-raɗin sun kusa tafiya. Titin Kano zuwa Maiduguri jar ƙasa ce mai gargada, manyan motoci suna wucewa da gyaɗa da fatu. Babura a garin, kowa ya san masu su da ƙarar kowanne. Sai ga sikuta ta shigo, mai ƙananan ƙafafu da siket a gaba, mutum ya zauna da babbar rigarsa kamar yana kan kujera. Yawancinsu a haɗe da fetur suke shan mai, babu ruwansu da rariya. Amma akwai iri mai tukunyar mai daban, irin ta malamin asibiti da ta akawun kamfanin gyaɗa da ta Madu Dillali. Su ne manyan masu kawo mana aiki, kuma da wani kamfanin motoci ya ɗauke Saje zuwa Maiduguri, su ya bar mini gado, haɗe da tsamiya da benci da rabin sifanu.

Madu Babarbare ne, dillali a kasuwar shanu, kuma ba ƙarami ba. Ba Madu muke ce masa, irin girmamawar Barebari. In ya kama hannun mai saye ya tura ƙarƙashin riga, ba ya sakinsa sai an sallama. Sikutarsa kuwa bai taɓa ɗaukarta ƙarfe ba. Karsana yake kiranta. Yakan shafa mata gefe in ya sauka, ya nema mata inuwa kafin ya nema wa kansa.

Wata Alhamis, washegarin kasuwa, ya turo ta yana haki.

“Ɗan Saje, karsanata tana tari.”

Na taka ta, na saurara. Ba tari ba ne, ƙwanƙwasa ce, ga zafi kamar a gasa masara a kai. Na juye mai, na zaro rariya, sai ta fito kamar an ɗinka mata bargo. Na kaɗa a kananzir, bargon ya warware a farin murfi. Gashi ne. Gajeru, ja da fari, sun saƙu da juna.

Ko da na san abin da zai biyo baya, da sai na nuna masa, don haka aka koya mini. Na miƙa murfin.

“Ba Madu, dubi abin da na tarar.”

Ya daɗe yana kallo.

“Wannan gashi ne.”

“Gashi ne.”

“Inji yana tsirar da gashi?”

“Ban taɓa gani ba.”

“Ban da kai, wa yake buɗe cikin nan?”

“Babu kowa.”

“To,” in ji shi.

Ya cire hularsa, ya kwashe noti da rariya ya zuba a ciki, ya tura karsanarsa ya tafi, ko waiwaye babu.

Ku 'yan yanzu sai an yi muku bayani. A garinmu, in aka tarar da gashi a wurin da ba gashi ke zama ba, a ƙarƙashin dokin ƙofa ne ko cikin matashin kai, fassararsa ɗaya: an yi wa mai wurin sammu. Madu yana da abokan hamayya a dillanci, ga inji a rufe ruf, ga mutum ɗaya tak mai buɗe shi. Lissafin bai yi wa kowa wuya ba. Kafin Larabar gaba, gashin ya samu jan zare da allura a bakin mutane. Kafin wata ya mutu an ƙara masa kan hawainiya.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Malamin asibiti, wanda kullum yake ce mana shi bai yarda da irin waɗannan abubuwa ba, sai ga shi yana ɗora sikutarsa a babbar mota zuwa Kano, wai dama yana da saƙo a can. Akawu yana gaishe ni daga tsallaken titi. Masu kekuna ma suka janye, kada in binne musu wani abu a cikin sirdi. Na koma gyaran risho da fitilar ƙwai da keken ɗinki, su ma sai baƙin da ba su ji labari ba. Ƙanin mahaifina ya zo har gindin tsamiya ya ce gona tana jirana a Yindiski, in rufe akwatin nan tun sunan gidanmu bai gama lalacewa ba.

Na ce, “Baffa, zan zo. Amma sai na san gashin wane ne.”

Shi kuwa Madu ya kai karsana wurin wani mai facin keke a bakin kasuwa. Mutumin ya juya rariya a hannu, ya ce ai wannan takunkumi ne, irin wanda ake sa wa maraƙi don kada ya sha nono, ina inji zai ƙoshi da mai da wannan a baki. Ya ɗauko basilla ya yi mata huji ko'ina, ya mayar. Aka ɗaura laya a kan hannun babur. Karsana ta tashi tana gudu lafiya lau, don na riga na wanke ta, amma laya da basilla suka kwashe yabo. Sai da damina ta yi tsaka, a kan hanyar Danchuwa, inji ya yi ƙara ɗaya ya cije. Aka ɗauko ta a amalanke. Mutane suka ce aikin da na binne ne ya nuna.

Gashin nan ban zubar ba. Na shanya shi, na adana a kwalin ashana. Na gwada shi da na kaina, ba shi ba ne. Na gwada da na jaki, na gwada da na akuya, har wata tsohuwa ta bi ni da muciya don ta gan ni ina tsige wa bunsurunta gadon baya, abin da bai ƙara mini farin jini a unguwa ba. Daga ƙarshe na kai wa wani tsohon mahauci, wanda hannunsa ya daɗe a fata. Ya murza shi a yatsa, ya kai kusa da ido.

“Na sa ne. Jan na shanun rahaji, farin na bunaji. Me za ka yi da shi, ko wani kuma za ka haɗa wa?”

Na yi godiya, na mayar da kwalina aljihu. Inji ba shi da fata, ke nan ta baki ya shiga, tare da mai. Madu da kansa yake ƙara wa karsanarsa mai tsakanin juye da juye. Daga ina yake ɗebowa? Ban isa in tambaye shi ba, ko sallamata ba ya amsawa. Sai na ɗauki zuwa kasuwar shanu kowace Laraba, in zauna cikin masu sayar da igiya, inda nake hango rumfarsa.

Sauran kwanakin mako kuma na zauna ƙera sabuwar rariya, don na san ko ba jima ko ba daɗe za a buƙace ta. Wayar rariyar gari ta yi faɗin ido, kuma tana tsatsa. Gidan sauro ya narke a mai zafi. Sai na tuna mazurarin da direbobin manyan motoci suke ɗura fetur da shi, yana da ragar tagulla mai laushi a wuya. Wani direba ya bar mini nasa da ya lotse. Na yanko ragar, na naɗe ta a jikin sanda daidai kaurin yatsa, na je wurin mai ƙera fitilar aci-balbal ya ara mini wuta da dalma, na liƙe gefen. Ta farko ta buɗe, ta biyu ta karkace. Wadda ta yi kyau na sa a aljihu, nake yawo da ita.

Larabobi suka yi ta wucewa ba abin da na gani sai ciniki. Ran nan sai ga Ardo Siddi ya koro bijimai zuwa rumfar Madu. Ardo dattijon Bafillace ne, dogo, tsakaninsa da Madu akwai wasan nan na Fulani da Barebari, kowa yana kiran ɗan'uwansa bawa. Bijiman duk kaska ta kama su a wuya da ƙarƙashin wutsiya. Madu ya miƙa hannu bayan tabarma ya jawo garwa. Ardo ya tsoma tsumma ɗaure a kan sanda, ya shafa wa sa inda kaskar take, ya murza sosai, sannan ya mayar da tsumman ya matse shi tas a cikin garwar, don kyauta ba a wulaƙanta ta. Ya sake tsomawa, ya nufi sa na gaba.

Ashe da wannan Madu yake riƙe makiyaya. Man inji yana kashe kaska, kowa ya sani, amma sauran dillalai baƙin juye suke bayarwa. Shi don girma sabo yake ba su, daga garwar da ya saya wa karsana.

Na tashi na isa rumfar. Ban yi wa Madu magana ba, Ardo na durƙusa wa.

“Bappa, alfarma nake nema. Ga 'yar raga, ga gwangwani. Ka tsiyaya man nan ta cikinta da hannunka, don kada a ce nawa ya taɓa.”

Madu ya miƙe. “Ardo, kada ka bar shi kusa da shanunka. Shi ne yaron da na gaya maka.”

Ardo ya dube ni daga hula har takalmi.

“Zauna, bawana. In yaron nan yana da asirin da ke kashe ƙarfe, da wannan rigar zai zo kasuwa?”

Aka yi dariya, mutane suka fara matsowa. Ardo ya karɓi rariya ya juya ta, ya hura, ya nuna wa jama'a babu komai a ciki. Ya ɗora a bakin gwangwani, ya karkata garwa. Mai yana da kauri, ba ya sauri, a hankali yake tsiyaya. Can sai man ya daina wucewa, ya cika ya fara tumbatsa ta gefe. Ya ajiye garwar, ya sa ɗan yatsa ya kwarfo abin da ya taru, ya ɗaga. Curi guda, ja da fari.

“Wannan jan na gane shi,” in ji Ardo. “Na bijimin da ka cuce ni a kansa da bazara ne.”

Na ce, “Ba Madu, man da kake ƙara wa karsana, daga wace garwa kake ɗiba?”

Ya dubi garwar, ya dubi curin gashin. Ya gyara zaman hularsa.

“Mai ai mai ne,” in ji shi a hankali. Da ya ga ba wanda ya taya shi, sai ya juyo kaina. “Kai kuma me ya hana ka tambaye ni tun farko?”

“Ka tafi da ita kafin in buɗe baki.”

“To ai ga shi ka buɗe.”

Washegari amalanke ya sauke karsana a gindin tsamiya. Aikin da na yi wa injin nan shi ne mafi tsawo a rayuwata. Da na fasa shi, boris ɗin ƙasa ya ƙone ya yi shuɗi, fistin ya kama jikin silinda ya bar zane. Waɗannan sai Kano, na ba direban nan tsofaffin ya tafi da su a hannu, don kada a ba shi wasu iri. Kafin ya dawo na bi hanyoyin mai ɗaya bayan ɗaya da wayar sifokin keke da na goge ta yi siriri. Kowace na zaro, sai ta fito da gashi da yashi a cure kamar an dama. In ɗura kananzir, in kafa famfon keke in buga, sai na ga ya fita fari ta ɗaya gefen. Fakin kuwa daga kwali mai kauri na yanka, na ɗora a bakin ƙarfe ina bi da ƙaramar guduma har ya fitar da siffarsa. Na sa rariyata, na ɗura mai daga garwar da na fasa da hannuna. Da na taka, ta ɗauka, sautinta sumul.

Madu ya zo yana shafa mata gefe, ɗaya hannun a aljihu.

Na ce, “Na kaya ka ba direba. Ladana kuma ba a aljihu yake ba.”

“A ina yake?”

“Ka zauna a bencin nan ka ci abinci da ni. Kwano ɗaya, daga gidanmu.”

Na san abin da nake yi. Waɗanda suka ga curin gashi 'yan kasuwar shanu ne, su kuma da yamma kowa ya kama hanyar ƙauyensa. A cikin gari cewa ake yi an dai sasanta, an rufa wa yaro asiri. Amma babu wanda zai sa hannu a kwanon mutumin da yake zargi da sammu, wannan ko yaro ya sani.

Madu ya yi tari. “Na riga na ci.”

“To ka dawo gobe da yunwa. Karsana tana nan, zan nema mata inuwa.”

Ya tsaya yana dubana kamar yana kimanta sa.

“Saje bai koya maka kunya ba.”

“Rabin sifanu kawai ya bar mini.”

Ya zo kuwa, kuma shi ya zaɓi lokaci, daidai an sallame azahar, titi cike da masu komawa. Aka kawo burabusko da miyar kuka daga gida. Ya naɗe hannun riga, ya zauna yana fuskantar titi, ya yi bisimilla da ƙarfin da na tsallake ma sai da suka juyo. Lomar farko ya daɗe yana juya ta a hannu. Ya kai baki. Bayan ta wuce, sauran ba su sha wahala ba, har yana turo mini gefen da babu nama. Mutane suna wucewa suna rage tafiya, shi kuma yana ɗaga musu hannu duk miya.

“Gishiri ya yi kaɗan,” in ji shi da ya ga ƙasan kwano. “Ka gaya wa innarka. Akwai saura?”

Malamin asibiti yana cikin masu wucewa, a ƙasa, don tasa ta sake lalacewa kuma motar Kano ba ta zo ba. Ya wuce mu kaɗan, ya tsaya yana duba agogo, ya dawo.

“Haruna, gobe kana nan?”

“Ina zan je, Malam?”

Da sassafe na tarar da sikutarsa jingine da tsamiya. Na buɗe akwati, na zuba kananzir a farin murfi, na durƙusa.